Kundin bikin autarmu: yadda aikin karammiskin takarda ke tafiya

8 ga Disamba, 2024

Garin fulok ya iso daga Duwala jiya, ƙananan ledoji huɗu: ja mai duhu, baƙi, fari da ruwan gwal. Jirgin ƙasa ya kawo shi Ngawundare, mota ta ƙaraso da shi nan Garwa, a arewacin Kamaru. Ga wadda ba ta taɓa ganinsa ba, zare ne da aka yayyanka ƙanana ƙwarai, kowane sili bai kai milimita 1 ba, a ido dai gari ne kawai. Ana shafa gam a takarda, a barbaɗa shi a kai, in ya bushe wurin ya koma karammiski. Shi ne laushin nan da ake ji a cikin akwatin zobe ko na agogo.

A Fabrairu za a ɗaura auren autarmu, kafin azumi. Na ɗauki alkawarin abu biyu: katin gayyata 40 na manyan dangi, da kundin hotunan biki mai shafi 24. Akwai takardun ado da ake shigowa da su da karammiskinsu a jiki, masu faɗin santimita 30.5 kowane gefe, amma zanensu duk furen Turai ne da ƙanƙara. Ni zanen lalle nake so, da dagi, da askar da ake yi wa babbar riga.

An rubuta a jikin ledojin cewa ja da baƙi nailan ne, fari da ruwan gwal kuwa rayon. Na rubuta wannan a nan don kada in manta in na juye su a kwalabe.

14 ga Disamba

Makon nan na manne ne. Na yayyanka kwali ƙanana na jera a faranti, kowanne da irin gam ɗinsa.

Sandar gam ta 'yan makaranta ta fita daga lissafi tun da wuri, kafin in ɗauko garin ta riga ta bushe. Salatif mai fuska biyu ya yi kyau wajen layin gefe: a ɓare, a zuba gari, a danna da yatsa, an gama, babu jiran bushewa. Sai dai miƙaƙƙen layi kaɗai ya iya, kuma karammiskinsa ba ya cika sosai. Farin gam na kafintoci shi ya fi riƙo, shi ne kuma hunturu ya fi wahalar da ni a kansa. In na shafa wuri mai faɗi, kafin in kai ƙarshe farkon ya yi fata a sama, garin sai ya kwanta a kan fatar, gobe in na kaɗe ya zube ya bar sanƙo.

Malam maƙwabcinmu mai makarantar allo ya ga ina fama, ya aiko almajiri da ƙaro irin wanda yake dafa tawada da shi. Ya ce na Chadi ne, kuma dama Chadi da Sudan su ne manya wajen fitar da ƙaro zuwa kasuwar duniya. Na jiƙa shi ya kwana, na tace. Yana bin buroshi da daɗi, ya kama garin tsaf, amma da na lanƙwasa kwalin sai ya tsattsage. Na kafa samfurin a bango da ƙusa, in ga abin da damina za ta yi masa.

Abin da na tsayar: kada shafi ɗaya ya wuce faɗin tafin hannu, a rufe ƙofa, a kashe fanka, a yi aikin bayan sallar asuba lokacin da iska ke da ɗan sanyi.

21 ga Disamba

Takardar ofis mai giram 80 ba ta ɗaukar farin gam, tana shan ruwan ta nannaɗe. Na koma biristol, takarda mai kauri, mai giram 250. Ita ma tana ɗan kumburowa, don haka nake liƙe gefunanta huɗu a jikin katako kafin in fara, ba na cirewa sai ta kwana. Ba a ɗora wa jiƙaƙƙen fulok nauyi, in an ɗora ya kwanta ke nan har abada.

29 ga Disamba

Yau na samu abin da nake nema. Buroshi ba ya ba ni layin lalle, ko dai ya yi kauri ko gam ɗin ya yi sirara har ya kasa riƙe komai. Sai na naɗe leda irin yadda muke naɗe ta in za mu yi wa amarya zanen lalle, na ɗura gam a ciki, na daure bayan da roba, na datse bakin da reza. Hannuna ya san wannan aikin tun ina budurwa. Layin yana fitowa a tsaye, da ɗan tudu, kuma tudun nan shi ne sirrin, domin silin zare yana bukatar inda zai nutsa gindinsa. A masana'antu ƙa'idarsu ita ce kaurin busasshen gam ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na tsawon silin. Layi mai tudu kuma ba ya saurin yin fata kamar wanda aka shafe da buroshi.

Ga yadda nake yi yanzu. Ina ɗiga wa gam ruwa kaɗan, ya saki amma kada ya yi gudu. Sannan in haɗa shi da fentin akirilik mai launin garin da zan zuba. Farin gam in ya bushe garau yake komawa, duk inda garin bai cika ba sai farar takarda ta leƙo. In gam ɗin ja ne a ƙarƙashin jan gari, ido ba ya kama giɓin. Garin kuma ba a zuba shi kai tsaye daga kwalba, domin yana dunƙulewa kamar gudajin tuwo. Matacin shayi na ƙarfe nake sa shi, ina ɗan bubbuga gefen da cokali, yana sauka a warwatse. Ina zubawa da yawa har zanen ya ɓace gaba ɗaya, in ɗora takarda a kai in taɓa a hankali da tafin hannu, in bar shi. Washegari in karkata shafin a kan jaridar da na ninka tsakiyarta, in ƙwanƙwasa bayansa, rarar ta gangara ta koma kwalba. Abin da ya maƙale in share da buroshin hoda.

Wani abu da ban zata ba: zanen lallen zamani, mai siraran layuka a cunkushe, ba ya yi. Kowane layi yana ƙara faɗi in gashi ya hau shi, tsakanin layukan ya toshe, fure ya koma dunƙule. Sai an bar aƙalla milimita 2 tsakani. Zane mai gwaɓi, manyan ganye da ɗigo-ɗigo da dagi, shi ke fitowa ras. Na ji daɗin haka, don ni dama ban taɓa son cunkoson nan ba ko a hannun amarya.

Launi ɗaya a rana. Mai duhu nake farawa da shi, in share tas, sannan mai haske ya biyo. Baƙin gari in ya shiga cikin fari ba ya fita.

5 ga Janairu, 2025

Kasuwar Pitowa ta Lahadi. Na sayo fasassun ƙore wajen masu sassaƙa, kusan kyauta suka ba ni, da maɓallan katako. Cikin ƙwarya yana shanye gam nan take, sai an fara shafa masa siriri ya bushe ya toshe ƙofofin, sannan a sa na biyu a zuba gari. Na yanka taurari da jinjirin wata, baya da zanen wuta na masu sassaƙa, ciki da jan karammiski. Sun yi kyau amma sun yi wa shafukan ciki kauri, kundin ba zai rufu ba. Bango za su tafi.

18 ga Janairu

Katuna sun kammala. Na kai wa Gwaggo nata da kaina. Ta juya shi gaba da baya, ta sa babban yatsa ta fara murzar dagin da ƙarfi.

Na ce, "Gwaggo, ku bi shi a hankali mana."

Ta ce, "Ke 'yar nan, in bai jure yatsana ba, hannun 'yan biki zai jure? Yara ma sai sun sa shi a baki."

Ta duba yatsan, ja kaɗan ya fito a murzar farko, bayan nan babu. Ta tura katin ƙarƙashin matashi, wanda a wajenta yabo ne. Tun ranar duk shafin da na gama sai na yi masa murzar Gwaggo kafin in ajiye.

Katunan sun cinye ruwan gwal, kuma wanda zai kawo wani daga Duwala ya ce sai bayan wata. Don haka na gwada yin nawa. Na naɗe zaren ulu na saƙar hular jarirai a yatsu biyu, na riƙa datsa da almakashi a cikin kwano, ƙanana iya yadda hannu zai iya. Na kuma karɓo ƙyallayen karammiski wajen telanmu, na aske su da injin aski. Na ulu bai yi daidai ba, wani sili dogo wani gajere, yana kwanciya ya ba da fuska mai ɗan kaushi. Na askin karammiski ya fi kusa da na saye nesa ba kusa ba, sai dai ƙyalle mai yawa ke ba da cokali guda.

Asalin sana'ar ma haka ta faro. A Landan, a 1634, Sarki Charles na ɗaya ya ba wani Jerome Lanyer izinin mallakar dabarar liƙa burbushin ulu a kan yadi da fata. Burbushin nan sharar masaƙa ce, abin da ke zuba in ana aske fuskar yadi. Daga baya aka riƙa yin takardar bango da shi a Ingila da Faransa, don ɗaki ya yi kama da wanda aka lulluɓe da karammiski na gaske a kan kuɗi kaɗan.

Auduga ma na taɓa, tunda lokacinta ne, motocin kamfanin auduga na Sodecoton sai wucewa suke da lodi. Ba ta yiwu da almakashi, silinta dogo ne mai murɗewa, yana kama juna ya ƙi bin mataci. Fulok na auduga da ake sayarwa niƙa shi ake yi a inji.

2 ga Fabrairu

Barbaɗawa da hannu tana ba da laushi, amma silin a kwance yake faɗuwa ta kowace fuska. Karammiskin cikin akwatin zobe kuwa a tsaye silinsa yake, kuma lantarki ke tsayar da shi. Ana caja garin da wuta mai ƙarfi, a haɗa ɗaya wayar da jiƙaƙƙen gam, sai kowane sili ya miƙe ya taho da kai ya cake. Injinan masana'antu suna kai bolt dubu 50 ko fiye.

Ɗan yayata da ke karatun lantarki ya ce, "Inna, ki ba ni raket ɗin sauron nan da matacin shayi guda." Masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa na wasa da haka suke dasa ciyawar ƙarya. Ya cire ragar raket ɗin, ya haɗa waya ɗaya da matacin, ɗayar ya ɗaura mata allura da za a soka a gefen gam. Wutar raket ba ta wuce bolt dubu 2 zuwa 3 ba, don haka sai an kusanto da matacin sosai, kamar faɗin yatsu biyu daga takarda.

Sakamakon yau bai taka kara ya karya ba. Garin ya manne a jikin matacin, ya hau hannuna, ya hau mayafina, wanda ya sauka kuma rabi a kwance. Yaron ya ce iska ce. Silin nailan sai da ɗan laima a jikinsa yake karɓar caji yadda ya kamata, shi ya sa masana'antu ke riƙe laimar ɗaki wajen kashi 60 cikin ɗari. Mu kuwa a Garwa a wannan wata takan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, duk da Binuwai na kusa. Mun sa jiƙaƙƙen tsumma a ƙaramin murfi cikin robar garin, muka rufe ya kwana, muka ajiye bokitin ruwan zafi a ɗakin. An samu sauƙi kaɗan, bai kai in ɓata shafin gaske a kansa ba.

Gargaɗi biyu ga mai son gwadawa. Raket yana riƙe wuta bayan an saki maɓalli, sai an taɓa matacin da allurar ya yi ƙara tas kafin a ajiye, kuma ba abin da za a bari kusa da yara ba ne. Na biyu, takunkumi. A shekarun 1990 likita David Kern ya gano ciwon huhu a jikin ma'aikatan wata masana'antar fulok na nailan a Rhode Island ta Amurka, daga ƙurar da suke shaƙa kullum. Nawa aikin bai kai ko kusa da nasu ba, amma hazon hunturu ya riga ya ishi ƙirji. Da jiƙaƙƙen tsumma nake goge tebur, ba na sa tsintsiya.

16 ga Fabrairu

Rubutu ya gagari ledar lalle, haruffa suna fitowa da kumburi. Sai na tuna masu buga suna da lamba a bayan rigar ƙwallo. Na je wajen wani a hanyar filin wasa na Rumde Ajiya, na tarar yana buga koren rigunan Coton Sport. Nasu fulok a falle yake zuwa, gashi a gaba, manne a baya, inji ya yanka haruffa a juye, a danna da zafi wajen digiri 160 na daƙiƙa 15.

Ya ce, "Hajiya, a takarda? Ai ƙonewa za ta yi."

Na ce, "Malam, yanka mini dai, in ta ƙone tawa ce."

Ya yanka mini "Allah ya ba da zaman lafiya" da sunayen ango da amarya, ya haɗa mini da guntayen da zai zubar. A gida na sa dutsen guga ba tururi, na shimfiɗa farar takarda a sama, na danna ba tare da gogawa ba, na bari ya huce kafin in ɓare ledar. Biristol ba ta ƙone ba. Bakin haruffan ya fita tsaf, kuma murzar Gwaggo ba ta cire ko sili ɗaya ba. Aibinsa dai ya cika santsi da daidaito, kusa da zanen hannu sai ya yi kamar baƙo. Rubutu kawai zan ba shi.

Wata ƙawata ta ce in sa aya a shafin farko. Na ƙi. Kundin biki hannu da yawa yake bi, ana ajiye shi a ƙasa, guntayen yanka kuma shara suke tafiya.

9 ga Maris

An yi biki lafiya, amarya ta tare. Azumi ya kama, zafi ya haura digiri 40, gam yana bushewa a bakin leda tsakanin fure da fure. Na rufe kwalabe na ɗaga su sama sai bayan salla.

13 ga Afrilu

Hotuna sun fito, na fara jerawa, nan kuma wata matsala ta ɓullo. Hoto mai sheƙi yana jan burbushin gari, shafin da na share sau da yawa ma in ya kwana a rufe sai in ga jan gashi a fuskar amarya. Na sa siririyar takardar kwafin zane tsakanin kowane shafi biyu, kuma na daina kawo karammiski kusa da hoto, ina barin santimita 1 fili. Hotunan da 'yan kusurwoyin takarda nake riƙe su, gam ba ya taɓa su, domin farin gam na kafintoci ba don ajiyar hoto aka yi shi ba, yana da ɗan tsami da kan iya taɓa launi in shekaru sun tafi. An ba ni shawarar fesa maganin gashi don ya kama burbushin. Na gwada a guntu, ya sandare, laushin da aka sha wahala dominsa ya tafi.

Bambancin nailan da rayon ma ya fito yanzu da shafuka suka daɗe a tare. Ja da baƙi sun danne sun tashi. Fari ya kwanta inda nauyi ya hau shi, ya kuma sha ƙura ya koma ruwan ƙasa. Fari ba na garin nan ba ne.

Shafi na 7 na cire shi ɗungurum. Shi ne wanda na lulluɓe duka da ja, hoton kamu a tsakiya. Duk wanda na nuna wa sai ya shafa jan ya manta da hoton. Shafin da ya fi kyau a kundin zuwa yanzu shi ne na 12: dagi ɗaya baƙi a kusurwa, layin ɗigo a ƙasa, hoton Gwaggo tana yi wa amarya faɗa. Sabon na 7 haka zai bi.

25 ga Mayu

Ruwa ya sauka sosai daren jiya, da safe na ɗauko raket. Abin mamaki. Garin da ya ƙi ni a Fabrairu yau tsalle yake daga matacin, ana ganinsa yana miƙewa, yana cakewa a gam. Launin ma ya fi zurfi, jan ya koma kamar na karammiskin gaske, in an karkata shafin yana canza haske. Na ajiye shi kusa da na barbaɗawa, ko yaro zai bambance. Gam kuma ya daina yin fata, ina iya zana rabin shafi kafin in zuba. Abin da damina ta karɓa a madadi shi ne lokaci: shafi ba ya bushewa a dare ɗaya, kuma biristol tana yin laushi, sai na riƙa ajiye ta a leda.

Samfurin ƙaron da ke bango ya fara danƙo, na taɓa shi gashin ya biyo yatsana. Na gaya wa Malam, ya yi dariya ya ce ai shi ya sa allo ke wankuwa.

Ba zan sake shafukan da na gama ba, 18 ne, sun isa yadda suke. Na 19 zuwa 24 da bango za su samu na tsaye. Fatar bango ta iso daga Marwa, jar fatar akuya, kuma sai na gwada a guntu tukuna in ga ko farin gam zai kama ta ko man jima zai hana. Baƙin gari ya kusa ƙarewa, don haka shafukan walima ja za su zama. Ina so kundin ya isa ɗakin amarya kafin babbar salla.